Kwalba shida na jini, shafi uku na lambobi: ra'ayina kan wurin da na yi gwajin homon

Sakamakon ya shigo wayata wajen ƙarfe goma na dare, ina kwance. Shafi uku ne, layi bisa layi: sunan gwaji a hagu, lamba a tsakiya, a dama kuma iyakar da suka ce ita ce daidai. Duk lambar da ta tsallake iyaka an rubuta ta da ja. Na ƙirga jajayen, biyar. Bayani kuwa babu ko layi ɗaya, sai wata 'yar jimla a can ƙasa da ƙananan haruffa, wai a tuntuɓi likita. Wane likita zan tuntuɓa da goman dare? Daren nan ban runtsa ba. Na kwafi wannan lamba na zuba a intanet, na kwafi waccan, kafin asuba na ɗora wa kaina cututtuka sun fi huɗu.

Shekarata 31, shekara huɗu da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ina nufin ɓatan watan da ake murna da shi, don in na lissafi ne, ni ce uwar ɗakinsa. Tun ina budurwa al'adata ba ta da alƙawari. Wani lokaci kwana 45, wani lokaci 60, akwai shekarar da sau shida kacal na gan ta. Ga 'yan gasu masu kauri a haɓa da nake tsigewa a ɓoye, ga ƙuraje a muƙamuƙi kamar 'yar shekara sha biyar, ga wani baƙi a bayan wuyana da na yi shekaru ina dirza da soso ina zaton dauɗa ce. Gashin tsakiyar kaina kuma yana ta raguwa.

A intanet na ga tallar wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa. Ba zan faɗi sunansa ba, don irinsu suna da yawa kuma kusan tsarinsu ɗaya. Sun haɗa gwaji goma sha biyu a ƙunshi guda, suka sa masa suna cikakken gwajin haihuwa na mata. Ba a buƙatar takardar likita, ki zo kawai ba ki ci komai ba. A ciki akwai homon na haihuwa, wato sinadaran da jiki ke fitarwa su tafiyar da al'ada da ƙwai: FSH da LH da estradiyol da furojesteron da AMH, akwai furolaktin mai sa ruwan nono, da TSH na auna aikin ƙullin tayirod da ke wuya, da testosteron, homon na maza, sai sukarin jini na wanda bai karya ba, da HbA1c mai nuna matsakaicin sukarin watannin baya, da insulin mai sarrafa sukari a jiki, da gwajin kitsen jini. Kalmar "cikakke" ita ta ja ni. Na gaji da zullumi, na ce a zube min komai a faranti ɗaya in gani.

Bari in fara da abin da suka iya, don sun iya shi. Wurin tsaf yake, ba a daɗe a layi. Matar da ta ɗebi jinina kuwa, da ita kaɗai zan yi wa hukunci da na ba wurin cikakken maki. Jijiyata ba ta fitowa da wuri, na saba a soke ni sau biyu sau uku. Ita ta ɗaure min dantse, ta ce in dunƙule hannu, ta tattaɓa gwiwar hannuna da ɗan yatsa ba tare da ta kalli wurin ba, kamar mai sauraren wani abu. Sai ta ɗauko 'yar ƙaramar allura mai fukafukai biyu na roba, sau ɗaya ta shiga. Kafin ta manna wa kowace kwalba takarda sai ta sa na karanta sunana da ranar haihuwata da bakina. Da ta ga ina kallon murafen kwalaben, ta ce, "'Yar'uwa, kowane launi da aikinsa. Mai toka-tokar nan ta sukari ce, akwai magani a ciki da ke hana ƙwayoyin jini cinye sukarin kafin mu auna. Mai shuɗi-shuɗin nan kuma ba ta barin jini ya daskare." Kwalba shida ta cika. Ko kumburi ban yi ba. Sakamako ya fito cikin kwana biyu kamar yadda suka alƙawarta.

Matsalar tana can a teburin karɓar baƙi, a jikin fom ɗin da na cike. Suna, shekaru, lambar waya, adireshin imel. Shi ke nan. Ba wanda ya tambaye ni yaushe na ga al'adata ta ƙarshe. Ba wanda ya tambaye ni ko ina shan wani magani. A lokacin ban san waɗannan tambayoyi biyu su ne rabin gwajin ba, ni dai na ji daɗi an sallame ni da wuri.

Washegarin daren rashin barcin na kira lambarsu. Wani saurayi ya ɗauka, mai ladabi ƙwarai, ya buɗe takardata a kwamfutarsa. Ya ce, "Hajiya, AMH ɗinki 7.8, ai ƙwai kam Allah ya ba ki, ba ki da matsala ta wannan ɓangaren." Zuciyata ta yi sanyi. Bai kai minti ɗaya ba ya ce furojesteron ɗina ya yi ƙasa sosai, alamar ba na sakin ƙwai ke nan, TSH ma ya yi ƙasa, ya kamata in yi babban ƙunshinsu na tayirod. Na ajiye waya da albishir a hannun dama, fargaba a hannun hagu, ga kuma sabon kuɗi da ake nema. Ban ce ƙarya ya yi ba. Lambobi ya karanta, kamar yadda ni ma na karanta. Amma bai kamata a ba shi wannan kujerar ba.

Akwai ma wani abin dariya da ya faru a makon. Ƙanwata ta taɓa yin AMH a wani wurin, ta turo min nata, 18. Na ga nawa 7.8, na ce to ashe ko rabinta ban kai ba, na shiga ɗaki na yi kukana. Sai daga baya na lura nata an rubuta pmol/L, nawa ng/mL. Ma'auni biyu ne daban, ana ninka na ng da kusan 7.14 kafin a samu na pmol. Nawa kusan 56 ke nan a ma'auninta, nata kuma kusan 2.5 a nawa. Ni ce na ninka ta sau uku. Layi ɗaya a takardar ya isa ya hana ni wannan kukan.

Bayan mako biyu na je wurin likitar mata, abin da ya kamata in fara da shi. Dattijuwa ce, ba ta da gaggawa. Ta karɓi shafukan nan uku, ba ta ma kalli jajayen ba, ta ce, "'Yata, a rana ta nawa aka ɗebi jinin nan?" Na buɗe wayata na lissafa, rana ta 21 da fara al'adata, kuma dace ne kawai, ranar ce nake da hutu a wurin aiki. Ta ce, "Al'adar da ta biyo baya fa?" Na ce har yanzu shiru. Ta yi murmushi ta ɗauki biro ta ja layi a kan furojesteron.

Abin da ta bayyana min shi ne, furojesteron ba ya tashi sai bayan an saki ƙwai, kuma daga sakin ƙwai zuwa al'ada kusan kwana 14 ne. Don haka ana auna shi kwana bakwai kafin al'adar da ake jira. Ga mai zagayen kwana 28, ranar ta 21 ke nan, daga nan ma lambar ta samo asali. Ga mai zagayen kwana 50 kuwa, in ma za ta saki ƙwai, sai wajen rana ta 36. A rana ta 21 dole a same shi ƙasa, ko tana saki ko ba ta saki. Wato na biya kuɗin gwajin da tun kafin a soka allura an san amsarsa. FSH da LH da estradiyol su kuma a farkon zagaye aka fi auna su, daga rana ta 2 zuwa ta 5. Ta ce a wurin irina da ƙwan bai motsa ba tukuna lambobin ba su ɓaci sosai ba, amma su masu ɗibar jinin ba su san haka ba, tunda ba su tambaya ba. Ƙunshi ɗaya, allura ɗaya, rana ɗaya, ga gwaje-gwajen da kowanne ke da ranarsa. Nan ne tsarin ya karye.

Sai tambaya ta biyu: me nake sha? Na ce ba komai. Ta ce har na gyaran gashi ko fata? Sai na tuna 'yar robar da ke kan madubina. Saboda zubewar gashin nan na yi wata huɗu ina haɗiyar ƙwayar bitamin ta biyotin, mai ƙarfin maikrogiram 10,000, har safiyar ranar gwajin na sha da ruwa, a tunanina ai ba abinci ba ne. Ashe injinan gwajin homon da yawa da biyotin suke aiki, in ya yi yawa a jinin mutum sai ya rikita su, wasu lambobin su faɗi, wasu su hau. TSH yana cikin masu faɗuwa, testosteron yana cikin masu hawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan tun 2017. Likitar ta ce in ajiye shi na 'yan kwanaki a sake. Da aka sake, TSH ɗina lafiya lau. Babban ƙunshin tayirod ɗin da saurayin nan ya so in saya, da na saya da na bi inuwa ne. Ta ƙara da cewa da ƙwayar tsarin iyali nake sha, da testosteron ɗin ma ba zai karantu ba sai bayan wata uku da dainawa.

Daga nan ta juya takardar ta zana da'ira uku a baya. Ta farko, al'ada marar tsari: zagayen da ya wuce kwana 35 ko bai kai 21 ba, ko ƙasa da sau takwas a shekara. Ta biyu, yawan homon na maza, ko a gan shi a jiki kamar gashin haɓa, ko a jini. Ta uku, gidan ƙwai da aka gani a sikanin cike da ƙananan ƙwayaye. Biyu cikin ukun nan, bayan an tabbatar ba wata cutar ce ta sa rigar wannan ba, shi ne PCOS, cutar da sunanta a Turance ke nufin gidan ƙwai mai ƙullutun ruwa da yawa. A wani taron masana a Rotadam ta ƙasar Holan aka tsayar da wannan ƙa'ida a 2003, ko da yake tun 1935 wasu likitoci biyu a Shikago, Stein da Leventhal, suka bayyana cutar a jikin mata bakwai. Ta ɗora biron a da'ira ta farko da ta biyu ta ce, "Kin ga waɗannan biyun? Tun kina shigowa ƙofar nan, da bakinki da haɓarki kuka faɗa min su. Jinin tabbatarwa ne kawai, da kore sauran."

Sauran da ake korewa uku ne: matsalar tayirod, yawan furolaktin, da wata cutar gado ta ƙullin da ke saman ƙoda, wadda ake ganowa da gwajin 17-OHP. Biyun farko suna cikin ƙunshin. Na ukun babu. Babu kuma SHBG, furotin da hanta ke yi mai ɗaure testosteron a jini. In ba a san shi ba, ba a san nawa ne ke yawo sake yana aiki ba, don mace na iya samun jimillar testosteron daidai amma sakakken ya yi yawa. Duka biyun sai da na koma na biya daban. SHBG ɗina ya fito ƙasa.

Maganar AMH kuwa, ta sauke ni daga kan dokin da saurayin nan ya ɗora ni. Ƙananan ƙwayayen da ba su nuna ba su ke fitar da shi. A PCOS suna taruwa da yawa, kowanne ya fara girma ya tsaya a hanya, ba wanda ya kai ya fashe ya fito. Su ne ake gani a sikanin jere kamar tsakiya a zare, ba ƙari ba ne, ba ruwa ba ne da za a yi wa tiyata, sunan cutar ne kawai ke tsorata mutane. Saboda haka 7.8 ɗina ba albishir ba ne, ba kuma masifa ba, shaidar cunkoso ce. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2023 ta yarda a yi amfani da AMH a madadin sikanin ga mace baliga, amma ba shi kaɗai ba, kuma ban da 'yan mata masu tasowa. AMH yana nuna yawa, ba ya nuna inganci, ba ya kuma faɗa wa mace ko za ta ɗauki ciki a wannan shekarar. Na daɗe ina tunanin matan da nasu ya fito ƙasa aka karanta musu ta waya da irin wannan gaggawar.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sukari. A takardata sukarin safe 94 ne, HbA1c 5.5, duka da baƙin rubutu, wato lafiya. Ni har na tsallake shafin. Likitar ta ce in juya, ta ɗaga gashina ta dubi baƙin wuyan nan, ta tambaye ni ko akwai mai ciwon sukari a gidanmu. Na ce mahaifina. Ta ce baƙin nan ba dauɗa ba ne, alama ce ta jikin da ya daina jin maganar insulin, sai ya yi ta zubo shi da yawa. Insulin in ya yi yawa yana zuga gidan ƙwai ya ƙara homon na maza, yana kuma hana hanta yin SHBG. Ashe wuyana da haɓata da al'adata duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ta rubuta min gwajin shan gulukos. Na nuna mata lambar insulin da ke cikin ƙunshin, ta ce ba ta aiki da ita, don injina sun bambanta kuma ba a tsayar da iyaka ɗaya da kowa ya yarda da ita ba.

Wurin nan dai na koma, don hannun matar nan. Na kwana ban ci ba, ta ɗebi jini, ta miƙo min kofi mai giram 75 na gulukos a narke ta ce in shanye cikin minti biyar. Zaƙinsa har cikin kunne. Kurɓa uku na farko lafiya, daga nan maƙogwaro ya fara gardama. Ta ce in na yi amai sai dai a sake wata ranar, don haka na runtse ido na haɗiye. Sai zaman awa biyu a kan kujera, ba ci, ba yawo, ba hawa bene. Ta leƙo ni sau biyu ta ga ko jiri na ɗibata. Da awa biyu ta cika cif ta sake ɗiba. Sakamako: 163. Ƙasa da 140 shi ne lafiya, daga 200 ciwon sukari ne, tsakaninsu kuma bakin ƙofa. A bakin ƙofar nake tsaye, kuma gwaji biyun da ke cikin cikakken ƙunshin nan duka sun ce in wuce ba komai. Wannan ne gwajin da ya fi kowanne canja yadda nake rayuwa, shi ne kuma ba su sa a ciki ba. Na fahimci dalili: yana cin awa biyu da kujera ɗaya, ba ya shiga tsarin a soka a sallama. HbA1c ma, likitar ta ce, ba abin dogaro ba ne ga mai ƙarancin jini ko mai sikila, kuma wannan ma fom ɗinsu bai tambaya ba.

Sai maigida. Ƙunshin haihuwa ne, amma ko a tallar ko a teburin ba wanda ya ambaci cewa mutum biyu ke yin ciki. Likitar ta ce ba za ta ba ni maganin sakin ƙwai ba sai ta ga gwajin maniyyinsa, don ba a gyara ɓangare ɗaya a bar ɗayan a duhu. Na ɗauka zai yi gardama. Ya karanta takardar ya ce, "Ke an ɗebi kwalba shida, ni ɗaya ce za ta gagare ni?" Nasa ya fito lafiya.

Likitar ta kuma ja min kunne a kan abin da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba: kada in bar al'ada ta wuce kwana 90 ba ta zo ba. In ba a sakin ƙwai, bangon mahaifa yana ta kauri ba furojesteron da zai sa ya zube, kuma in aka yi shekaru a haka yana iya zama abin da ba a so. Ni da nake ganin watannin da ba ta zo ba hutu ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa na da PCOS, kuma har kashi 70 cikin ɗari ba a gano tasu ba. Don haka ban ga laifin wanda ya sauƙaƙa wa mata hanyar gwaji ba. Laifin da na gani shi ne sayar da lambobi da sunan amsa. In za a tambaye ni ko a je wurin, zan ce a je, amma da takardar likita a hannu, a ranar da likita ya ce, a yi abin da ya rubuta kawai. Injinansu ban kama su da kuskure ba: testosteron da aka sake bayan na bar biyotin ya sauko kaɗan amma yana nan sama, kitsen jinina ma da aka maimaita kusan lamba ɗaya ya bayar. Ƙunshin kuwa ba zan ba ko maƙiyiyata shawarar saye ba. Cikin gwaji goma sha biyu, ɗaya an yi shi a ranar da ba ta da amfani, biyu biyotin ya taɓa su, ɗaya likita ba ta aiki da shi, uku kuma da ake buƙata babu su. Da na haɗa abin da na kashe a karo na biyu da na uku, ya kusa kuɗin ƙunshin kansa.

Na rubuta musu ta imel na ce su ƙara layi biyu a fom: ranar al'ada ta ƙarshe, da magungunan da ake sha har da na gyaran gashi. Sun amsa da godiya, sun ce za su duba. Da na koma watan jiya fom ɗin yana nan yadda yake.

Yanzu wata biyar ke nan ina shan metformin, maganin daidaita sukari, ina tafiyar rabin awa bayan cin abincin dare, na rage kilo huɗu. Zagayena biyu na baya kwana 38 da 36. Likita ta fara ni da letrozole, maganin sakin ƙwai, a wannan watan, ta ce in je a auna furojesteron kwana bakwai bayan tsinken gwajin fitsari na sakin ƙwai ya nuna layi biyu. Ya nuna ranar Laraba. Larabar da ke tafe zan je wurin matar nan mai 'yar allura, kuma na riga na rubuta a saman takardar da biro, da manyan haruffa, ranar da al'adata ta fara da ranar da tsinken ya nuna.